Ƙanena ya ce wiwi ganye ce kamar zogale

Assalamu alaikum, Inna. Ni mace ce mai shekara 27, ina sana'ar ɗinki a nan Maradi. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, tun daga nan ni da Mama muke riƙe da gidan. Ƙanena yana da shekara 18, yana ajin ƙarshe na lise, bana zai rubuta bak. Ranakun da babu lakwal yana kabu-kabu da babur ɗin ɗan baffanmu.

Wata uku ke nan da na ɗauko wandonsa zan wanke, sai na ji ƙulli a aljihu, busasshen ganye mai wari. Na san ko mene ne, wiwi ce. Da na tare shi bai musa ba. Ya ce, “Yaya, wannan ganye ne da Allah ya halitta kamar zogale, ba ƙwaya ba ce irin tramol.” Ya nuna mini a waya cewa Turawa sun halatta ta, likitocinsu ma suna bai wa marasa lafiya. Ya ce babu ayar da ta ambace ta, kuma malaman da sun yi saɓani a kanta. Ya ce tun rasuwar Baba ba ya iya barci sai ya sha. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, na rasa abin da zan ce masa sai kuka.

Yanzu kusan kullum yake sha. Sakamakonsa ya faɗi, asuba tana wuce shi, sau biyu na nemi jika biyu cikin gwangwanin da nake ajiyar kuɗin ɗinki na rasa. Makon jiya ya ce mini ƴan fadarsu suna gulmarsa da zarar ya juya baya. Abin ya tsorata ni, domin ƙanen Mama ya samu taɓin hankali tun yana saurayi, har yau yana shan magani.

Mama na da hawan jini, ban faɗa mata ba. Baffanmu mutum ne mai zafi, ya taɓa cewa duk ɗan da ya lalace a zuri'arsa gidan mari zai kai shi, ko ya miƙa shi ga ƴan sanda. Yaron ya roƙe ni in rufa masa asiri, na kuma yi masa alkawari. Inna, gaskiya ne abin da yake faɗi? In tona ko in rufe?

Daga wata yaya, Maradi

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyu na ja layi ƙarƙashin wurare biyu: inda yaron ya ce ba ya barci tun rasuwar babanku, da inda ya ce ƴan fada na gulmarsa. Zan dawo kansu, don nan maganar take. Amma kin tambaye ni ko gaskiya yake faɗi, kuma ba na son ki koma gabansa hannu rabbana.

Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ya kayar da ke. Yaro ɗan shekara 18 da waya a hannu, in kika ce masa zuƙa ɗaya za ta haukata shi, zai waiwaya ya ga abokansa da suka daɗe suna sha suna yawonsu lafiya lau, daga ranar kuwa duk abin da ya fito daga bakinki ya zama tatsuniya a kunnensa. Mu ba shi gaskiyarsa tukuna, sannan mu nuna masa inda ta tsaya.

Tsiro ce, babu musu. Asalinta tsakiyar Asiya ne, kuma mutanen Sin sun yi dubban shekaru suna nomanta don zarenta, suna tufka igiya, suna saƙa tufafi, har takarda sun yi da ita. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata sunan Cannabis sativa a 1753. Ganyenta mai yatsu ya yi kama da na ramar da muke kwaɗo da ita, ko da yake ba dangi ba ne. Na faɗa miki ne don kada wata rana ki ga rama a bayan ɗakinsa gabanki ya faɗi. Kamar dabino take, akwai namiji akwai mace, kuma abin da masu sha ke nema yana jikin furen macen, wasu ƴan ƙananan gashi masu tsatso danƙo. Danƙon nan in an tara shi an matse, shi ne hashish da ake safara ta hamada. Sai dai “ganye ne” ba hujja ba ce a bakin wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Zaƙami ma ganye ne, Allah ya halicce shi, damina ke fito da shi a kan juji, kuma kakanninmu da ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba suka sa masa suna haukata-yaro. Ki tambaye shi ko zai yi kwaɗonsa.

A cikin danƙon akwai sinadarai fiye da 100 ƴan dangi ɗaya, amma biyu kawai za ki riƙe. Na farko THC, shi ne mai bugarwa. A 1964 wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware shi tsantsa suka gano yadda yake. A ɗanyen ganye yana kwance ne cikin siffar da ba ta bugarwa, zafin wuta ke tayar da shi. Na biyu CBD, shi ba ya sa maye, kuma zan zo kansa idan mun kai ga maganar likitoci.

A 1988 aka gano cewa ƙwaƙwalwar mutum tana da wasu ƙofofi da THC ke buɗewa. Sai masana suka tsaya suna tambaya, me ƙofofin nan suke yi a can tun asali? A 1992 amsar ta fito: jiki na ƙera nasa makullin, wani sinadari da suka kira anandamide. Jiki na fitar da shi kaɗan-kaɗan, a wurin da ake bukata, a lokacin da ake bukata, sannan ya rushe shi nan take. Da irinsa ake daidaita barci, yunwa, jin zafi, tsoro da riƙe abu a ka. THC kuwa baƙo ne da ya samu makullin gidan, ya shigo cikin ƴan mintuna bayan zuƙa, ya buɗe dukan ɗakuna gaba ɗaya, ya bar su a hangame sa'a biyu ko uku. Abin da kika gani da idonki ke nan. Ido ya yi ja don jijiyoyin jini sun buɗe, baki ya bushe, zuciya ta ƙara gudu, ya dawo tsakar dare ya sauke tukunyar tuwon da aka ajiye don ɗumame. Sashen ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon karatu yana cikin waɗanda suka fi yawan ƙofofin, don haka yakan karanta shafi, ya rufe littafi, ya tarar babu komai. Ƙanenki bai zama daƙiƙi ba, ajiyar ce ba ta zama.

Ga wurin da zai fi amfanarki. Idan kullum ake bankaɗe ƙofofin, ƙwaƙwalwa takan rage yawansu don ta kare kanta. Daga nan naɗi ɗaya ba ya isa sai biyu, kuma ranar da bai sha ba, makullin jikinsa ba ya wadatarwa, barci ya ƙi zuwa. Da ya ce miki ba ya barci sai ya sha, ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai sani ba shi ne, wadda ya ɗauko don ta kawo masa barci yanzu ita ke riƙe da barcin a hannunta. Amma an auna, an ga ƙofofin suna komawa yadda suke bayan kamar mako huɗu da dainawa.

Maganar malaman da kuwa, nan ma ya tsinci wani abu na gaskiya ya yar da sauran. Imamu Malik ya rasu a 795, kuma shi da sauran limaman mazhabobi ba su yi magana a kanta ba domin shanta bai yaɗu cikin Musulmi a zamaninsu ba. Sai wajen ƙarni na 12 da na 13 ta bazu a Masar da Sham, ana cinta ana kiranta hashisha. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai da magunguna ɗan Andalus da ya rasu a 1248, ya gan ta a Masar, ya rubuta cewa tana bugarwa ƙwarai, kuma akwai waɗanda ta kai su ga rasa hankali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce hukuncinta hukuncin giya ne. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar da ya rasu a 1285, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai sa maye, mai sa barci, da mai ɓata hankali. Ya sa hashisha a gida na uku. Abin da hakan ya haifar a wurinsa shi ne, ba a yi wa mai shanta haddin mashayin giya, sai dai alƙali ya hore shi, kuma ita kanta ba najasa ba ce. To, saɓanin ke nan: wane irin horo, kuma tana ɓata tufa ko ba ta ɓatawa. Babu ɗaya cikinsu da ya ce mutum ya zauna ya sha har kansa ya juya. Kuma shi da ke neman aya, ya san hadisin da ke cewa duk mai sa maye haramun ne, ya kuma san sunan tramol ma bai zo a aya ba, ga shi da bakinsa yana ƙyamarta.

Bari in ƙara miki wani labari daga zamanin, don zai yi mana amfani in mun zo kan baffanku. Masanin tarihin Masar, Almaƙrizi, ya ba da labarin wani hakimi, Sudun Asshaikuni, wanda wajen 1378 ya sa aka tuge shukokin, aka kama masu sha ana cire musu haƙora. Shi Almaƙrizin ne kuma ya ba da labarin yadda bayan wasu shekaru aka koma shanta a fili fiye da da. Haƙora sun zube, al'adar tana nan.

Turawa su ma sun yi ta kai da komowa a kanta. Wani likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya gwada ta a Kalkata ta Indiya a 1839, ya shigar da ita cikin magungunan Turai. Shekara shida bayan haka, a 1845, wani likitan ƙwaƙwalwa a Faransa, Moreau, ya rubuta littafi kan yadda buguwarta ke kama da hauka. A 1925 a Janeba, wakilin Masar ne ya matsa aka sa ta cikin yarjejeniyar taƙaita miyagun ƙwayoyi, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta ƙara ɗaure ta. A nan yankinmu, masu tarihi da yawa suna danganta yaɗuwar shanta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba gadon kakanninmu ba ce.

Abin da ya nuna miki a waya yana da tushe. Kanada ta halatta ta ga manya a 2018. A Disamba 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire ta daga jerin mafiya haɗari, da ƙuri'a 27 a kan 25, amma ta bar ta cikin abubuwan da doka ke tsarewa. A 2018 Amurka ta amince da maganin da aka tace daga CBD don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, tun 1985 kuma akwai maganin THC da ake bai wa masu ciwon daji don rage amai. Sai ki ce masa ya ci gaba da karantawa zuwa ƙasan shafin. A Kanadan, sayar wa yaro laifi ne, kuma a jikin kwalin an rubuta gargaɗi kan taɓin hankali da haɗarinta ga matasa. Maganin farfaɗiyar an auna shi ne da awo, likita ke rubutawa, kuma an raba shi da sinadarin da ƙanenki ke nema. Morfin da ake yi wa wanda aka yi wa tiyata ma daga fure ake samunsa, wannan bai sa kowa ya je tasha ya saya a ƙulli ba. Ƙarfinta ma ya canza: a wadda aka riƙa kamawa a Amurka, THC ya tashi daga kamar kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014. Shi da ke saye a lungu, wa ya auna masa? Sannan a Maradi yake zaune. Dokar Nijar ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana sha da riƙewa, kuma jami'an OCRTIS, masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ba su aiki da dokar Kanada.

Yanzu mu bar duniya, mu dawo kan ƙanenki. Abu uku sun haɗu a kansa: ƙuruciya, shan kullum, da kawunsa. Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Cikin masu sha, kamar mutum 1 cikin 10 ke kamuwa har ya kasa bari, amma cikin waɗanda suka fara tun suna samari abin yakan kai 1 cikin 6. A 1987 aka fitar da sakamakon bin sawun samarin Suwidin fiye da 45,000 da suka shiga aikin soja, aka ga waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su sha ba sau shida wajen kamuwa da babban ciwon taɓin hankali. Wani bincike na 2019 a biranen Turai da Barazil ya nuna masu shan kullum sun ninka sau uku, masu shan mai ƙarfi kullum kusan sau biyar. Kada ki firgita, yawancin masu sha ba sa haukacewa. Amma wanda ciwon ke cikin danginsa ba ya tsaye a layi ɗaya da abokansa, kuma wannan ita ce gaskiyar da babu wanda ya faɗa masa a fada.

Maganar gulma tana iya zama gulmar gaske, fada ba ta rasa ta. Tana iya zama zargin da buguwa ke kawowa, ya wuce in ta sake shi. Tana kuma iya zama somin-taɓin abin da kike tsoro. Daga nan inda nake ba zan iya rarrabewa ba, ke ma ba za ki iya ba, aikin likita ne. In kika ga yana magana shi kaɗai, ko ya ce yana jin muryoyi, ko ya ƙi abinci don zargin an sa masa wani abu, ko ya kwana biyu uku ido biyu, ko ya ambaci gajiya da rayuwa, to ranar za ku tafi asibiti, babu jiran gobe, babu maganar alkawari. Ko ba ki ga ɗaya daga ciki ba, ina so ya ga ma'aikacin lafiya cikin mako biyun nan. Hanyar ma kun santa: inda kawunku ke karɓar magani, a nan za ki tambayi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki ce wa yaron za ku je ne kan rashin barci, kuma gaskiya ce. Amma a gaban likita a faɗi komai, wiwi, kawu, gulma, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma wani ya ba ki shawarar sayo masa ƙwayar barci wajen masu tallar magani a bakin tasha, sai ki fitar da shi daga rami ki jefa shi rijiya.

Ruwa ba ya tsami banza, ɗiyata. Shekararsa 16 lokacin da aka ɗauki babanku. Na san abin da ake ce wa yaro namiji a zaman makoki, na ji an faɗa wa ɗan maƙwabciyata ina zaune a wurin: ka daure, kai ne uban gida yanzu. Aka dafa kafaɗarsa aka wuce, mata na kuka a ɗaka, shi yana waje yana jera tabarmi. Ke kin yi kukanki, Mama ta yi takabarta, shi wa ya tambaye shi? Kafin duk wata gardama kan malamai da Turawa, ki nemi safiya, lokacin da idonsa yake fari, ki kira shi shago ya riƙe miki bakin yadi ko ya raka ki kasuwa, ki ce, “Auta, in ka kwanta barci ya ƙi zuwa, me kake tunawa?” Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, kada ki cike shi da wa'azi. Wataƙila ranar farko ba zai ce komai ba.

Alkawarin da kika yi, ki mayar da shi alkawari mai wa'adi. Ki ce masa ba za ki tona masa asiri a gari ba, amma ba za ki ɓoye wa Mama har abada ba. Ku je likita tare, sannan ku zauna da ita tare, ya faɗa da bakinsa. Na fi son haka da ki kai ƙararsa a bayan idonsa, domin in ya rasa ke, babu sauran wanda yake faɗa wa gaskiya a gidan. Game da Mama, na fahimci tsoronki, amma uwar da ta ga asuba na wuce ɗanta, ta ji warin tufafinsa, da wuya a ce ba ta zargi komai ba. Wataƙila ita ma tana ɓoye miki ne don kada ta ƙara miki nauyi. Hawan jininta zai fi jure labarin da ya zo daga bakin ɗanta tare da takardar likita, a kan wanda zai zo daga komisariya da tsakar dare. Ku zaɓi lokacin da ta sha maganinta, ta huta.

Baffanku ba maƙiyi ba ne. Mutum ne da ɗan'uwansa ya bar wa marayu, yana tsoron a ce zuri'a ta lalace a hannunsa, kuma zafi shi ne kayan aikin da ya sani. Sai dai ba shi ne na farkon da zai ji ba. Kin tuna 2019, da ƴan sandan Najeriya suka kai samame gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Ban ce kowane gida haka yake ba, amma yaron da ake tsoron taɓin hankali a kansa, sarƙa ba ta da abin da za ta yi masa sai ƙari. Gidan kaso kuma zai cinye masa bak, ya haɗa shi da waɗanda suka fi shi nisa a harkar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki nemi namiji guda da yaron ke jin kunya kuma yake so, aminin babanku, ko wani malaminsa na lise, ko limamin unguwa mai sanyin hali. In ya zama dole baffa ya sani, wannan dattijon ne zai faɗa masa, bayan an riga an fara magani.

Wuri ɗaya ne ba zan yi sassauci ba, shi ne babur. THC na rage saurin hannu da ƙafa, yana ɓata auna tazara, shi kuwa yana ɗaukar matan mutane da goyo a baya yana kutsawa cikin cunkoson kasuwa. Ki faɗa masa ƙarara: ranar da ya sha ba ya taɓa makulli. In ya karya wannan, ki gaya wa ɗan baffanku ya karɓi babur ɗinsa, ran fasinja ya fi alkawarinki. Kuɗin gwangwani kuwa ki ambata sau ɗaya, ba tare da kiransa ɓarawo ba, ku yanka yadda zai biya daga abin da yake samu, sannan ki canza wurin ajiya. Abin lakwal ki riƙa biya da hannunki.

In ya yarda zai daina, ki shirya wa makon farko. Bayan kwana ɗaya ko biyu zai zama mai saurin fushi, abinci ya fita ransa, barci ya gudu, in ya zo kuma ya zo da mafarkai masu ban tsoro. Abin yakan yi tsanani cikin makon farko, ya lafa wajen mako biyu, barcin kan ɗauki kusan wata kafin ya daidaita. Ki faɗa masa tun kafin ya fara, don kada dare na uku ya ce, kin gani, ai dama magani ce. Sinadarin yana maƙalewa a kitsen jiki ya riƙa fita a hankali, har fitsarin mai shan kullum yakan nuna shi makonni bayan dainawa. Shayin fada na dare, mai kaurin nan na farko, shi ma yana cikin masu korar barci, ya bar shi daga la'asar. Ba zan ce ki raba shi da abokai dukansu ba, ba zai yiwu ba, amma ya san waɗanda ake naɗi a gabansu, ya kuma san lokacin. A cike lokacin da ƙwallo, ko bitar bak da ƴan ajinsu a zauren gidanku inda kike jin muryarsu. In ya zame ya sha bayan kwana goma, a ci gaba da lissafi daga washegari, kada a ce komai ya rushe.

In kuma ya ƙi duka, ya ce shi lafiyarsa lau, ki je wurin ma'aikacin lafiyar ke kaɗai ki kwashe labarin ki faɗa masa, ki sanar da Mama idan wa'adin ya cika, a sa dattijon nan a ciki, a kafa masa iyaka: ba a shigo da ita gida, ba a hawa babur da ita. Ke yayarsa ce, kin riga kin ɗauki abin da ya fi shekarunki, ba ke za ki zama uba da likita da alƙali gaba ɗaya ba.

Ƙullin nan da kika tsinta, in har yana wurinki, kada ya sake kwana a shagonki. Doka ba ta tambayar ko na wa ne, ki zuba shi a salga yau. Bayan kun ga likita ki sake rubuto mini, ina son in ji abin da ya ce miki yake tunawa da dare.